Zuwa ga ɗana, a kan waswasin da ke damunka

Assalamu alaikum, ɗana.

Da fatan ka koma makaranta lafiya. Ummanka da ƙannenka suna gaishe ka. Na ga gara in rubuto, domin a waya ba ma wuce gaisuwa, kai kana jin nauyina, ni ma ina jin naka.

A hutun nan na zuba maka ido. Wata asuba na ƙirga, buta uku ka ƙarar a alwala ɗaya. Ka kai ƙafa sai ka koma hannu, har aka tayar da salla aka idar kana tsugune a bakin rariya. Bayan hannunka duk ya tsattsage, ga hunturu ga sabulu. A masallaci kuma na ji ka a gefena kana ta maimaita kabbarar harama har liman ya yi ruku'u. Na yi maka faɗa kan ɓarnar ruwa. Ka yafe mini, a lokacin ban gane ba.

Bayan tafiyarka na sami wani likita na kwashe komai na faɗa masa. Ya ce ciwo ne sananne, suna kiransa OCD. Kusan mutum 2 cikin 100 na gamuwa da shi a rayuwarsu, kuma ya fi kama mutum a shekarun samartaka. Yadda yake shi ne, wani tunani ya faɗo maka ba da sonka ba, ya ce alwalar ba ta yi ba. Ƙirji ya ɗau zafi, ka sake, ka ɗan sami sauƙi. To wannan ɗan sauƙin shi ne tarkon, domin ƙwaƙwalwa takan ɗauka cewa sakewar ce ta cece ka, gobe sai ta nemi ƙari. Wani nasa na duba ƙofa ne, wani ƙirge, wani kuma munanan tunani a kan addini ko a kan waɗanda yake ƙauna, har ya kasa faɗa wa kowa.

Idan kana da irin na ƙarshen nan, ina so ka saurare ni da kyau. Sahabbai sun kai wa Manzon Allah (SAW) kukan cewa suna jin abin da ba za su iya furtawa ba a zukatansu, ya ce musu wannan ƙin da suke yi masa shi ne tsantsar imani. Imaninka bai raunana ba, kuma hankalinka bai taɓu ba.

Maganin da ya fi tasiri ana ce masa ERP. Wani masani mai suna Victor Meyer ne ya fara gwada shi a Landan a 1966. Kai da likita za ku jera abubuwan da ke tayar maka da hankali, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Sai ka fuskanci na farkon, ka hana kanka sakewa. Misali ka yi alwala sau ɗaya, ka ajiye buta, ka tashi, zuciya na ihun ka koma, ka ƙi. Ba zan ɓoye maka ba, da farko akwai wuya. Amma damuwar takan hau ta sauka da kanta, kuma da maimaici ƙwaƙwalwa ke koyon zama da kokwanto ba tare da ta biye masa ba. Yawanci zama 12 zuwa 20 ake yi. Akwai kuma ƙwayoyi irin su fluoxetine da sertraline da likita kan haɗa da shi. Sukan ɗauki mako 8 zuwa 12 kafin a ga aikinsu sosai, saboda haka ba a yanke ƙauna da wuri, ba a kuma daina su kwatsam.

Da likitan ke bayani sai Ahalari ya faɗo mini, wanda ka karanta a zaure kana ƙarami. Ka tuna hukuncin mai waswasi a salla? Ya watsar da waswasin, kada ya kawo abin da yake kokwanto a kai, ya yi ba'adi kawai. Malamanmu sun daɗe da sanin cewa biye masa ƙara shi yake yi. Ka riƙe azkar ɗinka da addu'a, mu kuma haɗa da asibiti.

Na san abin da mutane ke kiran asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, kada wannan ya dame ka. In ka fi so, akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin Malam Aminu Kano. Ni zan kai ka da kaina, mu tambayi wanda ya iya ERP.

Saura abu ɗaya, wanda ni ya fi yi wa nauyi. Ka saba tambayata, “Baba, sallata ta yi kuwa?” ni kuma in ce ta yi, ka sake tambaya, in sake amsawa. Ashe wannan ma ciyar da ciwon ne. Da zarar kun fara da likita, ni da Ummanka za mu daina amsa wannan tambayar. Za mu zauna kusa da kai har abin ya lafa, amma ba za mu ce ta yi ko ba ta yi ba. In ka ga mun yi shiru, kada ka ɗauka fushi ne.

Ran Juma'a bayan masallaci zan kira ka. Ka duba ranar da ba ka da lacca, mu tsayar da ita.

Allah ya ba ka lafiya, ya yi maka albarka.

Mahaifinka.