Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamnan jihar Maradi: a bar gwanayen malamai a CI, ajin farko na firamare

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Kukanmu a kan malamin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana koya wa yara haɗa baƙi ne. Da zarar ya gwanance sai a ɗauke shi zuwa CM2, ajin ƙarshe na firamare, ko ofis, wai an ɗaga shi, a miƙa CI ga ɗan kwantiragin da bai taɓa riƙe alli ba. Aji mafi wuya kuwa shi ne na farkon.

Dubi yadda gwani yake yi. Ba ya farawa da sunan harafi, da sautinsa yake farawa. Wasula biyar tukuna, sannan baƙaƙen da ake iya ja a baki, kamar m, n, s, r, don yaro ya ji "mmm" ta zarce cikin "a" ta zama "ma". Ba ya kawo b da d a mako guda, ya san za su cakuɗe. Haruffa masu ƙugiya, ɓ, ɗ, ƙ, ƴ, da kalmomi biyu-biyu yake koyar da su: baki da baƙi, kare da ƙare. Sai daga baya sh, ts, gw. Ya faɗi gaɓa, ya buga tebur, kowa ya ɗaga allonsa. Kallo ɗaya ya ga wanda ya ɓata.

Babbar cutar ita ce hadda. Yaro ya rera shafi duka, murya zaƙwai, alhali hoton ya gane. Rufe hoton, ka nuna kalmomin daga ƙarshe zuwa farko, sai ya yi tsit. Sabon malami kan ji aji na amsawa baki ɗaya ya ɗauka an iya. Tsohon hannu sai ya kira yara ɗaya-ɗaya, minti guda kowanne, ya ƙirga kalmomin da aka karanta daidai.

Ga batun harshe kuma. A Hausa abin da ka ji shi kake rubutawa. A Faransanci sautin "o" kaɗai yana fitowa da o, au, eau. Nijar ta fara gwajin koyarwa da Hausa a Damagaram tun 1973, kuma kundin tafiyar da mulkin ƙasa na 2025 ya sanya Hausa harshen ƙasa. Amma har yau ana buga takardu babu ƙugiya, "ƙasa" ta koma "kasa".

Lokaci ma gajere ne. A ƙauyukan Dakoro da Mayahi, inda aji runfar kara ce, ba a kafa ta sai an girbe gero, ruwan farko kuma ya tashe ta.

Abin da muke roƙo: a ba malamin CI alawus da ƙarin girma yana ajinsa. Ɗaliban makarantar horon malamai ta Maradi su zauna wata uku cur a ajin gwani kafin a ba su nasu. A tara masu shirin ritaya su rubuta jerin darussansu mako-mako, a buga da haruffan Hausa cikakku. Kowane yaro ya samu allo, alli da littafin da zai kai gida. Sufeto kuma in ya zo, ya ajiye kundin malami, ya kira yara biyar daga layin baya su karanta masa.

Allah ya ja zamaninka.

Wasu malaman firamare, Maradi