Baƙonku na ranar Asabar bai kyauta ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Tun ranar Asabar maganar ke cina. Baƙon nan da kuka gayyato a shirinku ya ce wai yaron da ya haɗa karatun fim da falsafa a jami'a ya haɗa shashanci da hanyar ɓata, mai gabatarwa kuma sai dariya yake yi. To, ɗana ne yaron, kuma a gaban mahaifiyarsa muka ji. Daren nan ko tuwo ba ta ci ba.

Ni shekara 18 ina riƙe da kyamara a garin nan, daga bikin aure har finafinanmu na Hausa. Tun fim ɗin Turmin Danya na 1990 kayan aikinmu gaba suke yi, labari ne ya tsaya cak. Da yaron ya zo hutu na ba shi wani labari da za mu ɗauka. Ya karanta, ya ce: "Baba, me ya sa mugun ya tuba ana saura minti biyar fim ya ƙare? Nadama ce, ko don an kama shi?" Wallahi mu huɗu a shagon muka rasa amsa. Sai da muka sake rubuta rabin labarin, mai kuɗin fim ɗin yana ta ƙorafi, kuma gaskiyar yaron ce.

Shi ya ba ni labarin kogon Aflaton, masanin falsafar nan na tsohuwar Girka, wato labarin mutanen da aka ɗaure suna kallon inuwa a bango suna ɗauka ita ce duniya. Fiye da shekara 2,300 ke nan, amma kai ka ce sinima yake kwatantawa.

Batun ɓata kuwa, malamin naku ya manta Ahalarin da muka koyi alwala da sallah a littafinsa shi ya wallafa littafin Sullam na ilimin manɗiƙi, wato ƙa'idojin tunani da kafa hujja? Imam Gazali ma sai da ya karanci falsafa ciki da bai kafin ya yi wa masu ita raddi. Baƙonku me ya karanta? A gayyato malamin falsafa daga Zariya, ba nisa, su zauna tare mu ji.

Sannan don Allah ku duba layin wayar nan taku. Na kira sau bakwai, katina ya ƙare ina sauraron tallar maganin basir, amma kullum mutum uku ɗin nan ne ke samun shiga.

Naku,
Mai sauraro daga Tudun Wada, Kaduna