Wasiƙa daga Jos a kan manyan yaran gidan marayu

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da uwargida da yara, ina sanar da kai cewa shirun da ka ji daga gare ni ba mantuwa ba ce. Darasin yamma da na karɓa a wani gidan marayu ne ya cinye mini lokaci, kuma abin da nake gani a can ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Na shiga ne da niyyar koyar da lissafi ga masu shirin WAEC da NECO, sai na tarar abin da ke cin manyan yaran, 'yan shekara 14 zuwa 17, ya wuce lissafi. Akwai wani yaro da duk ajin babu mai kaifin basirarsa, amma da zarar an ce gobe akwai gwaji sai cikinsa ya murɗa, tafin hannunsa ya jiƙe da gumi duk da sanyin Jos da ka sani, ya kwana idonsa biyu. An sha sayo masa maganin zazzaɓi da na gyambon ciki daga kemis, babu abin da ya sauya. Wata yarinya kuma, ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai gabanta ya faɗi, ta daskare a inda take. Ba sai na tuna maka abin da garin nan ya gani ba, daga rikicin 2001 zuwa na 2008 da 2010 da bam ɗin kasuwar Terminus a 2014, kuma wasu cikin yaran tashin hankali ne ya raba su da iyayensu.

Masu renonsu, bayin Allah da suke ƙoƙari a kan albashi ɗan kaɗan, wasu suna cewa taurin kai ne, wasu suna cewa iskokai ne. Ni ban raina addu'a ba, amma wannan fargaba ce da likitocin ƙwaƙwalwa suka san ta kuma suke maganinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin kowane yara bakwai 'yan shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, kuma fargaba tana cikin waɗanda suka fi yawa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar shekara 18. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta ce yaro shi ne wanda bai kai 18 ba, kuma su yaran sun fi kowa sanin wannan. Rannan bayan darasi yaron nan ya tsaya yana goge allon da ya riga ya goge, sannan ya tambaye ni, “Malam, idan na cika sha takwas, ina zan kwana?” Masu kawo sadaka da azumi da Sallah, Allah ya saka musu, jarirai suke ɗauka su yi hoto da su, manyan kuwa su ne masu sauke buhunan shinkafa daga mota, ba wanda yake tambayarsu sunansu. Masu renon ma suna yawan barin aiki, yaro ya saba da mutum yau, gobe ya wayi gari babu shi.

Saboda haka alfarma nake nema. Ka yi wa ƙaninka mai shagon kafinta a Katako magana ya riƙa karɓar yaron nan ranar Asabar, da izinin shugabar gidan, domin ya san akwai wani babba da ke jiran zuwansa kuma akwai sana'ar da zai dogara da ita idan ya fita. Ni zan ɗauki nauyin kuɗin motarsa, zan kuma bi maganar kai shi ya ga likita. Na san halinka na ajiye wasiƙa ƙarƙashin matashi sai ta yi wata uku, to wannan karon ka daure, domin jarrabawarsu ta matso.

Ka miƙa gaisuwata ga Hajiya. Allah ya bar zumunci.

Naka har kullum,
Amininka na Unguwar Rogo