A gwada kainuwa kafin a mai da ita taki

Ranka ya daɗe Edita,

Na karanta rahotonku kan mai da kainuwar da ta cika kogin Isa taki ga masu lambu a Yamai. Shawara ce mai kyau, amma akwai gyara.

Kainuwa kamar soso take: tana zuƙe ƙarafa masu guba irin su dalma da kadmiyam da kromiyam daga ruwa, ta tara su musamman a saiwa. Ruɓewa ba ta kawar da waɗannan ƙarafa. Suna komawa ƙasa, daga nan su shiga salak da kabeji. Duk wanda ya ga ruwan da Gunti Yena, magudanar da ta ratsa Yamai, ke zubarwa cikin kogi ya san abin da nake nufi.

Takin ƙwayoyin halitta ma, wato wanda ake haɗawa da ƙananan halittu irin su bakteriya, ba lallai ya magance wannan ba, don ba iri ɗaya ba ne. Wasu ƙwayoyin suna ɗaure ƙarfe a ƙasa, wasu kuwa narkar da shi suke, tsiro ya ƙara sha.

Ina roƙon INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta Nijar, da Jami'ar Abdou Moumouni su auna kainuwar kowane wuri tukuna. Wadda aka kwaso a bakin magudanar gari kada ta kusanci lambu.

Wassalam,
Mai karatunku daga Yamai