Yaya, ki karanta wa Umma wannan, maganar hawan jininta ce

Assalamu alaikum Yaya,

Da fatan kuna lafiya, ya jikin Umma, ya yara da maigidan, ya ƙoƙari. Mu nan Alhamdulillah, sai sanyi da aiki. Na ga hoton katin asibitin da kika turo min ta WhatsApp, na kuma saurari saƙon muryarki, naji yadda muryar take rawa. Na so in kira amma na san halinmu, in muka fara magana kowa sai ya katse kowa ƙarshe a tashi ba a riƙe komai ba, shi yasa nace bari in zauna in rubuta, ki karanta mata a hankali sannan ki ajiye a wayarki kina dubawa.

Da farko dan Allah hankalinku ya kwanta. 162 a kan 98 ɗin da aka rubuta ya hau kam, babu ɓoye-ɓoye, amma irin wanda magani yake saukarwa ne da yardar Allah. Hukumar Lafiya ta Duniya a rahotonta na 2023 tace manya kusan biliyan 1.3 ne ke da hawan jini a duniya, kuma kusan rabinsu ma ba su san suna da shi ba, yawo kawai suke. To mu an gano mana, ni wallahi godiya nayi ma Allah da aka gano ta hanyar awo ba ta hanyar faɗuwa ba.

Lambobin nan biyu ga yadda suke. Ta sama ƙarfin da jini yake dukan jijiya ne lokacin da zuciya ta matse ta turo shi, ta ƙasa kuma ƙarfin da ya rage lokacin da zuciyar ta ɗan saki kafin bugu na gaba. Mai lafiya yana wajen 120 a kan 80 ko ƙasa da haka. In ana aunawa a asibiti ana ta samun 140 a kan 90 ko sama, ba sau ɗaya ba, shine ake cewa mutum yana da hawan jini, in kuma a gida ake aunawa nan Ingila daga 135 a kan 85 suke lissafawa saboda mutum ya fi nutsuwa a ɗakinsa. Ko ɗaya daga cikin biyun ce ta hau, ya hau, kar ki ce ai ta ƙasa lafiya lau.

Yanzu ga abinda ya hana ni barci. Kince Umma tace ita babu inda yake mata ciwo, za ta sha na wata ɗaya dai don likita yace, in taji sauƙi ta ajiye. Yaya wannan maganar ita nake tsoro fiye da lambar da ke kan katin. Hawan jini yawanci baya ciwo, baya sa zazzaɓi, mutum zai iya kai 180 yana hira yana dariya. Ciwon kan da mutane ke jira su ji kafin su ce jinina ya hau, ba abin dogaro bane, wani yana zuwa wani baya zuwa. Kamar tiyo ne da aka buɗe wa famfo har ƙarshe aka barshi haka shekara da shekaru, daga waje ba ki ganin komai, sai ranar da ya tsage a inda ya fi rauni. A jikin mutum wuraren nan sune ƙwaƙwalwa, zuciya, ƙoda da ido. Kuma maganin baya warkar da shi, riƙe shi yake yi. In aka auna aka ga 128 a kan 80, ƙwayar ce tayi aikinta, ana dainawa cikin ƴan kwanaki zai koma inda yake, wani lokacin ma babu wanda zai sani.

Kin san aikina a nan kula da tsofaffi ne. Akwai wata baiwar Allah da nake ba abinci da safe, shanyewar ɓarin jiki ta samu, hannunta na dama a naɗe yake a kan cinya sai na ɗaga mata shi na ɗora kan matashi. In na kai cokali sai na bi ta gefen hagu na bakin don ɗaya gefen baya riƙe komai, ruwan shayi ya dinga bin haɓarta ina gogewa. Hankalinta garas, tana gane kowa, tana so tace min na gode amma kalmar ta ƙi fitowa sai ta damƙe min yatsa da hannun mai lafiyar. Ƴarta ce ta gaya min an rubuta mata magani tun da daɗewa, ta sha ta ga ta warke ta ajiye. Duk ranar da na fito daga ɗakinta Umma nake tunawa, tun kafin ma wannan labarin ya zo. Ban faɗa don in tsorata ku ba, na faɗa ne don ki san me yasa zan dinga damunki da tambayar ta sha ko bata sha ba.

Maganin da aka ba ta, amlodifin mai miligiram 5, magani ne mai kyau, a nan ma shi da ire-irensa ake fara ba baƙar fata don an ga ya fi yi mana aiki. Sau ɗaya a rana, lokaci ɗaya kullum, ku haɗa shi da wani abu da bata taɓa fashinsa ba kamar wanke baki da safe, a ajiye kwalin kusa da buroshi. In ta manta ta tuna da rana ta sha, in kuma sai washegari ta tuna to ta sha ɗaya kawai, kar ta haɗa biyu wai ramuwa. Wasu yana sa musu kumburin ƙafa wajen idon sawu, ko ɗan ciwon kai da jin zafi a fuska a kwanakin farko. In kika ga haka kar ku yanke hukunci a gida ku ajiye, ku koma wajen likita, magungunan suna da yawa zai canza mata. Akwai lisinofril, shi kuma wasu busasshen tari yake sa su wanda baya jin maganin tari, akwai masu sa fitsari da ake sha da safe don kar su hana barci. Kuma in likita ya ƙara mata na biyu kar Umma ta ɗauka ciwon ne ya yi tsanani, mutane da yawa sai da biyu ko uku nasu yake daidaita. Sannan dan Allah a dinga sayo wani tun saura na sati ɗaya, kar a jira sai kwalin ya ƙare, kuɗin maganin ni na ɗauka duk wata, kar ki ji nauyin tuna min. Nata nata ne, kar ta ba kowa kar ta karɓi na kowa ko da an ce ai duk na hawan jini ne.

Na sayi na'urar awo zan aiko, irin wadda ake ɗaurawa a damtse, ta fi ta wuyan hannu faɗin gaskiya, kuma na zaɓi mai babban maɗauri saboda in maɗaurin ya yi wa hannu kaɗan lambar sama take bayarwa ta ƙarya. Yadda za ki auna ta, ki tabbata ta yi fitsari, bata sha kofi ko shayi mai ƙarfi ba a rabin awan da ya wuce, ta zauna a kujera minti 5 shiru bayanta a jingine ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba, hannun a kan tebur daidai ƙirji, maɗaurin a kan fata ba kan riga ba, ɗan sama da gwiwar hannu. Kar ta yi magana na'urar tana aiki, na san wannan shine mai wuyar a wajen Umma amma ki lallaɓa ta. Ki auna sau 2 da tazarar minti ɗaya, safe kafin ta sha magani da kuma yamma, kwana 7 a jere, ki rubuta duka a ƙaramin littafi da kwanan wata, littafin za ku kai wa likita. Bayan nan sau ɗaya ko biyu a sati ya isa. Kar ki zama mai aunawa duk awa, jini yana hawa yana sauka a yini, lamba ɗaya da ta yi tsalle ba ita bace labarin, kuma yawan awon kansa yana tada hankali.

Sai gishiri. Abinda ake so kar ya wuce giram 5 a rana gaba ɗaya, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma mafi yawan mutane a duniya ninkin haka suke ci. Matsalar ba wanda ake barbaɗawa bane kawai, dunƙulen ɗanɗano kusan rabinsa ko fiye gishiri ne, ga abincin gwangwani, ga taliyar leda da garin cikinta, har biredi. Kar ki ware mata tukunya ita kaɗai, za ta ji an mayar da ita mara lafiya ta daina ci ko ta dinga ƙarawa a ɓoye, ku rage wa kowa a hankali, cikin ƴan makonni harshe yake sabawa. Ganye, kayan marmari da wake ku yawaita. Gishirin nan da ake sayarwa wai na masu hawan jini kar ku saya sai likita ya duba ƙodarta ya yarda. Tafiya kuma minti 30 sau 5 a sati, irin wadda za ta ɗan yi haki amma tana iya magana, in ba za ta iya a jere ba ta raba goma-goma.

Wani abu da mutane basu sani ba, magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da diklofenak suna ɗaga jini suna kuma wahalar da ƙoda, kuma na san yadda Umma take shan su saboda gwiwa. Farasitamol ya fi mata, sauran a tambayi likita. Haka wasu magungunan mura masu buɗe hanci. Duk wanda ya kawo wani haɗi yace yana kashe hawan jini har abada ku gode masa, amma kar ya maye gurbin ƙwayar, kuma ku gaya wa likita me take sha. In kun koma ki roƙa a yi mata gwajin ƙoda, fitsari, suga da kitsen jini.

Wannan kuma ki haddace shi ki koya wa duk wanda ke gidan har yara. In bakinta ya karkace, ko hannu ko ƙafa ɗaya ya mutu, ko magana ta sarƙe, ko ciwon ƙirji, ko numfashi ya gagara, ko gani ya dushe farat ɗaya, ko ciwon kai mai tsanani da bata taɓa irinsa ba, asibiti kai tsaye ko ƙarfe nawa ne, ba jiran gari ya waye ba kuma ba jiran a same ni a waya ba, ko da abin ya sake ta bayan ƴan mintuna. Ku riƙe lokacin da ya fara don likita zai tambaya. In kuma na'ura ta nuna 180 a kan 120 ko sama, ki bari ta huta ki sake, in yana nan a ranar za ta ga likita.

Na ji kince tana cewa tunanina ne ya jawo mata. Ki ce mata ina cin abinci, ina da rigar sanyi, ina cikin mutanen kirki. Damuwa tana ɗaga jini gaskiya ne, amma shekaru da gado da gishiri su ma suna ciki, ko yau na dawo na zauna a gabanta sai ta sha maganin nan. Kuma tunda abin yana bin jini, ke ma in na'urar ta iso ki auna kanki, ki auna Auta da maigidanki, ni na auna nawa a wajen aiki yana lafiya.

Ki turo min hoton littafin in kun cika kwana bakwai ɗin. Ki gaida Umma sosai kice ina neman addu'a, a shafa min kan yara. Allah Ya ba ta lafiya, Ya saka miki da alheri kan ɗawainiyar da kike yi.

Taki,
ƙanwarki