Godiya ga ofishin ba ɗalibai shawara na kwalejinmu

Assalamu alaikum.

Na rubuto ne in gode muku a bainar jama'a, musamman Hajiyar da ke duba takardun masu darussan share fage. Na kammala nawa, na kuma samu gurbin karatun gashin ƙashi, kuma da hannunta dumu-dumu a ciki.

Kafin in zo wurinku na sha wuya a wata makarantar. Yau a ce oga ba ya nan, gobe a ce ba a ga fayil ɗina ba. Ba wanda ya taɓa zama ya faɗa mini darasin da ya rage mini, sai dai je ki dawo. Har na fara tunanin haƙura da karatun.

Hajiya kuwa kujera ta fara ba ni. Ta bi sakamakona layi-layi, ta nuna mini cewa kimiyyar halittu da ta sinadarai da na ci sun wadatar, ilimin sassan jiki kaɗai ya rage. Da na ce mata tsokokin kafaɗa ne ke rikita ni, da kanta ta kira mai kula da ɗakin gwaji, ta roƙe shi ya riƙa barina da samfurin kafaɗa na roba bayan an tashi.

A nan kaina ya waye. Na ga yadda kan ƙashin damtse ya fi ramin allon kafaɗa girma nesa ba kusa ba, shi ya sa gaɓar ke juyawa ta ko'ina, shi ya sa kuma take saurin gocewa. Tsokoki 4 ne ke danne shi a mazauninsa: sufrasfinatus, infrasfinatus, teres ƙarama da sabskafularis. Ta farkon ce ke fara ɗaga hannu gefe, kusan digiri 15, sannan deltoyid, babbar tsokar da ta lulluɓe kafaɗa, ta karɓa zuwa 90. Daga nan sai tarafiziyos da seratus, tsokokin baya da gefen ƙirji, sun juya allon kafin hannu ya kai sama. A littafi haddacewa kawai nake yi, da na taɓa da hannuna sai ya zauna.

Rajista da sauran takardu duk sun tafi lafiya.

Abin da ke damuna shi ne ɗalibai nawa ne ke maimaita darasin da suka riga suka ci, don kawai wani ma'aikaci ya ƙi ɗaga kai ya duba takarda. Wasu ofisoshin ko sallama ba a amsa wa ɗalibi, kuma ba mai tsawata musu.

Hajiya, Allah ya saka miki da alheri, ya jiƙan mahaifa.

Taku,
Wata ɗaliba