Wasiƙa a kan mai amalanken Dakar

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya aiki, yaya baƙunta?

Wani fim nake so ka nema ka kalla, sunansa Borom Sarret, na Ousmane Sembène ɗan ƙasar Senegal. A 1963 ya yi shi, shekara uku da samun 'yancin ƙasar. Baƙi da fari ne, tsawonsa wajen minti 20 kacal, kuma da wuya ka ji ana zancensa a wajenmu.

Labarin yini guda ne na wani mai amalanken doki a Dakar. Ya yi sallah ya fita nema, ya kwashi mutanen da ba su biya shi ba, ya kai mai naƙuda asibiti. Ɗan abin da ya samu kuwa, maroƙi ya wasa kakanninsa, kansa ya kumbura, ya miƙa masa. Kada ka ce wauta ce. Mutumin da kowa ya raina, a bakin maroƙi kaɗai ya ji cewa shi ma ɗan dangi ne.

Inda ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙofar maƙabarta. Wani uba ya ɗauko gawar ɗansa, aka hana shi shiga don takardarsa ba ta cika ba. Mai amalanke ya bar shi nan da gawar, ya kama gabansa, domin gidansa ba a ɗora tukunya ba. Wallahi na ji haushinsa, amma na kasa tsine masa. Sembène bai wanke shi ba, bai kuma mai da shi mugu ba. Nuna mana ya yi yadda babu ke cinye tausayin mutum. Ya san abin da yake faɗa, shi da ya yi dako a tashar jiragen ruwa ta Marseille, a ƙasar Faransa.

Daga baya wani mai kwat ya sa ya kai shi Plateau, tsohuwar unguwar Turawa da aka hana amalanke shiga. Ɗan sanda ya ƙwace amalanken, mai kwat ya shige mota ko sisi bai ba shi ba. Da ya koma gida da doki kawai, matarsa ta miƙa masa yaro ta fita, ta ce yau dai za su ci abinci. Ba a nuna inda ta nufa ba.

In ka kalla, don Allah ka rubuto mini ra'ayinka game da fitar matar nan, don mun yi ta gardama a kai a majalisa. Ka gaida mini uwargida da yara.

Naka,
Amininka